Tambaya Uku A Zauren Baba

Duk lokacin da muka je hutu gida Jalingo, da wuya a yi zaman gaisuwa a tashi ba a sami wanda ya tambaye mu abin da muke koyarwa a jami'a ba. Idan muka ce kimiyya, sai a ce ai ba a taɓa ganinmu da farar riga ba. Idan muka ce nazarin zamantakewa, sai a tuna mana cewa digirinmu na farko a kan ƙwayoyin cuta muka yi shi. Wata goggonmu ta daɗe da yanke nata hukuncin, ta ce mu jemage ne, ba ga tsuntsu ba, ba ga dabba ba. Cikakken sunan fannin namu dogo ne: nazarin yadda kimiyya da fasaha ke cuɗanya da al'umma. Hanyar da ta kai mu gare shi kuwa daga zauren gidanmu ta taso, a unguwar Barade, kuma ita muke so mu bi tare da mai karatu.

Wanda ya san Jalingo ya san cewa unguwannin tsohon gari suna ɗauke da sunayen sarautu, irin su Turaki da Sintali da Majidaɗi da Sarkin Dawaki da Barade, domin garin sansanin yaƙi ne tun asali, wanda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893. Muna yara aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, ranar 27 ga Agusta 1991, garinmu ya wayi gari babban birnin jiha. Mun ga shigowar manyan motoci da sababbin ma'aikata da turakun lantarki da bututun ruwa. Mun kuma ga yadda famfon ƙofar gidanmu ya yi ta bushewa, har aka mayar da shi wurin ɗaure akuya, 'yan garuwa suka ci gaba da sana'arsu. A wancan lokaci ba mu ɗauki wannan a matsayin darasi ba. Abin da muka sa a gaba shi ne mu yi karatun kimiyya mu dawo mu gyara komai.

Mun dawo kuwa, a 2003, da takardar digiri daga Zariya da ta hidimar ƙasa, kanmu cike da sunayen ƙwayoyin cuta. A wannan shekara ce maganar ɗigon rigakafin shan-inna ta rikice a Arewa. Wasu malamai da wasu likitoci, cikinsu har da Dakta Datti Ahmad na majalisar ƙoli ta harkokin shari'a, suka yi zargin cewa an gurɓata maganin da abin da zai hana haihuwa. Amurka ba ta daɗe da afka wa Iraƙi ba, zukata a tafashe suke. Gwamnatin Kano ta dakatar da aikin. Ba a dakatar da komai a garinmu ba, amma ai magana zarar bunu ce, kuma rediyon Baba ba ta taɓa rasa batir.

Wata safiya mata biyu suka yi sallama da akwatin sanyi a kafaɗa da alli a hannu. Baba ya amsa musu da fara'a, ya sa aka kawo musu ruwa, sa'an nan ya ce yaran gidan nan ba za su sha ba, Allah Ya ba da haƙuri. Suka rubuta alamarsu a jikin bango suka wuce. Ranmu ya ɓaci ƙwarai. Bayan la'asar muka zauna gabansa da takarda da biro, muka zana masa ƙwayar cutar, muka bayyana cewa ta baki take shiga ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa, ta hayayyafa a hanji, kuma a cikin kimanin yara 200 da ta kama, ɗaya ne take kaiwa ga laka ta kashe masa ƙafa har abada. Muka ce tun 1988 duniya ta ɗaura aniyar kawar da ita, lokacin tana nakasa yara wajen 350,000 a shekara. Ya saurare mu har muka dasa aya, yana jan carbi. Sa'an nan ya ce:

"Madalla da karatu. Amma ku 'yan boko, ina da tambaya uku. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ƙanenku, mu muka ɗauke shi zuwa asibiti, aka rubuta mana takarda muka je kemis muka saya da kuɗinmu. Zazzaɓi da ƙyanda su ke cika maƙabarta da yara a unguwar nan, ba wanda ya taɓa kawo maganinsu ƙofar gida. To me ya sa wannan kaɗai ke bin mu har ɗaka, kyauta, ana roƙonmu? Na biyu, abin da aka yi wa yaran Kano shekarar sanƙarau, ƙarya ne ko gaskiya? Na uku, idan na ba da jikokina abin ya ɓaci, wa zan kama? Matan nan ko sunansu ban sani ba."

Ba mu da amsa ko ɗaya. Abin da muka yi shi ne muka sake zana ƙwayar cutar, da ɗan ɗaga murya. Ya tambaye mu hanyar rijiya, mu kuma muka yi ta kwatanta masa siffar guga. Da muka fito, muka gaya wa abokanmu cewa jahilci ne ke damun tsofaffinmu, kalmar da har yau idan muka tuna ta sai kunya ta rufe mu.

Da daminar 2004, 'yar wanmu, yarinya mai shekara biyu wadda ba ta daɗe da iya gudu ba, ta kwana uku da zazzaɓi. Zazzaɓin ya sauka, ƙafar hagu ba ta sake ɗaukarta ba. Matan cikin gida suka ce Inna ce ta sha ta, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, daga baya aka kai ta asibiti aka ɗebi bayan gidanta, sakamako ya tabbatar da abin da muka riga muka sani. Baba bai ce uffan ba. Amma da masu ɗigo suka sake zagayowa, a bakin zaure suka same shi tsaye, ya jera yaran gidan da na maƙwabta. A watan Yulin wannan shekara Kano ma ta janye dakatarwarta, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, sai dai kafin nan cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka rabu da ita a baya.

Mun daɗe muna ɗora wa Baba laifin a zuci. Abin da ya hana mu sakat shi ne tambayoyin nan uku, domin kuwa da muka koma Zariya neman digiri na biyu muka shiga bincike, sai muka tarar ta biyun gaskiya ce tsagwaronta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi kisan, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Ashe tsohon da bai taɓa leƙa madubin ɗakin gwaji ba ya riƙe wani babi na tarihin magani wanda mu ba a koya mana a aji ba. Ya yi kuskure game da ɗigon, kuskuren da jikarsa za ta ɗauka tsawon rayuwarta. Bai yi kuskure ba da ya tambaya. Mu da muke da gaskiya game da ɗigon, mun kasa kai gaskiyar inda za ta yi amfani, saboda mun raina tambayar. Ranar da muka amince da haka muka ajiye farar riga.

Sai ga shi wasu sun riga mu shiga wannan daji. A nan Samaru, masanin tattalin arzikin noma David Norman ya yi shekaru a ƙauyukan ƙasar Zazzau tun daga wajejen 1965. A lokacin malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne, suna matsa wa manoma su riƙa shuka iri ɗaya a jere. Da aka auna, sai lissafi ya nuna cewa manomin ya san abin da yake yi: haɗin ya fi ba shi amfani a kan kowace kadada, kuma idan ruwa ya yaudari iri ɗaya, ɗayan zai rufa masa asiri. A Bakolori kuwa, kusa da Talatar Mafara, an gina madatsar ruwa da injiniyanci mai ƙayatarwa, amma ba a daidaita da manoman da aka kwashe wa gonaki ba. Suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Siminti bai tsage ba, amma aikin ya fara da jini.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne labarin makiyayan tumaki na Kambiriya, a arewacin Ingila, wanda Brian Wynne ya nazarta. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a 1986, ruwan sama ya sauko da gubarta a kan tsaunukansu. Masana suka hana sayar da tumaki, suka ce makonni uku kacal abin zai wuce. Lissafinsu a kan ƙasar yumɓu aka gina shi, alhali ƙasar tsaunukan daban ce, sai takunkumin ya kai har 2012 a wasu gonaki. Makiyayan sun san ƙasarsu, ba a tambaye su ba. Daɗin daɗawa, ba su manta da gobarar da aka yi a tashar nukiliyar maƙwabtansu a 1957 ba, da yadda hukuma ta yi ta rufa-rufa. Da muka karanta wannan sai muka ga kamar Baba ne ya sa hular sanyi yana magana da Turanci. Muka gane cewa wanda maciji ya taɓa sara, ko a Turai yake, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Daga nan aikinmu ya zama zaman zaure. Shekara da shekaru muna bin masu ɗigo gida-gida a garuruwan Arewa, muna ɗaukar musu akwati, muna rubuta abin da aka ce da abin da aka ƙi cewa. Mun koyi cewa maganin da ke cikin kwalba rabin aikin ne kawai. Ɗigon ba ya jure zafi, saboda haka rayuwarsa ta rataya a kan firji, firjin ya rataya a kan wuta ko hasken rana, da mai gyara, da direban da zai iso kafin ƙanƙara ta narke. A jikin kowace kwalba akwai 'yar alama da ke sauya launi idan zafi ya lalata ta, kuma matar da ba ta wuce sakandare ba ita ce alƙalin ƙarshe a kan wannan alama. Mun ga gidan da ya ƙi baƙuwa da safe ya karɓi ungozomar unguwa da yamma. Mun ga mai gidan da ya ƙi don a gyara masa kwalbati, domin ya lura wannan ce kaɗai ranar da hukuma ke neman wani abu a hannunsa. Mun ji yadda sunan cutar kansa yake aiki: wanda ya yi imani Inna ce ke sha, yakan ga ɗigo bai shafi maganar ba, har sai an zauna da shi an bi ta cikin fahimtarsa.

Abin da ya juya akalar yaƙin ma daga wannan ɓangare ya fito. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu rigakafin da abubuwan da iyaye ke bukata. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka sa sunansu a cikin aikin. Aka ɗauki matan unguwa aiki, waɗanda cutar ta nakasa suka shiga gaba suna nuna ƙafafunsu. An biya farashi mai tsada, domin a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. A 2016 aka ga mai ɗauke da asalin ƙwayar na ƙarshe a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Duk da haka wajibi ne a faɗi saura: a inda yara da yawa ba su sha ba, rarraunar ƙwayar da ke cikin ɗigon kan yi ta yawo a tsakaninsu har ta rikiɗe ta yi ƙarfi ta nakasa. Wannan ne dalilin ci gaba da zagaye bayan an yi shelar nasara. Magana ce mai wuyar bayani a ƙofar gida, amma ɓoye ta ya fi haɗari, domin ranar da mai gida ya ji ta a wani bakin, an koma gidan jiya.

Kada ɗalibi ya ɗauka hanyar shimfiɗe take. A jami'ar da muke aiki, takardunmu na ƙarin girma sun taɓa shekara guda suna yawo tsakanin tsangayoyi biyu, masu kimiyya suna cewa wannan hira ce, masu nazarin zamantakewa suna cewa ba su san wanda zai auna ta ba. Ma'aunin daraja shi ne a buga a mujallun waje, da Turanci, wani lokaci a biya da dala. Masu manyan ayyuka kuma ba su tuna da mu sai gini ya tsage: a gama tsara komai a Abuja, idan mutane suka ƙi, sai a kira mu a ce mu je mu wayar musu da kai. Sau da yawa kan da ke bukatar wayarwa yana cikin ofishin da aka kira mu. Abin da ke ƙarfafa mana guiwa shi ne ganin irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya, sa'an nan ya tsallaka ya sake zama farfesa a nazarin kafofin sadarwa da al'adu, ya nuna cewa jemage ma yana da reshen da zai kama.

Akwai ramuka biyu a wannan hanya, mun kuwa leƙa kowanne. Na farko shi ne raina mutane, wanda muka faɗa a 2003. Na biyu ya fi daɗin faɗawa: mutum ya so mutanensa har ya riƙa cewa kowace fahimta daidai ce, hayaƙi da ɗigo duk ɗaya ne. Duk lokacin da wannan rami ya yi mana murmushi, sai mu tuna ƙafar hagun yarinyar nan. Ƙwayar cuta ba ta halarci muhawararmu ba, aikinta kawai ta yi. Girmama mutum shi ne a amsa tambayarsa da gaske, a kuma gaya masa inda ya kuskure ba tare da an ci masa fuska ba.

Baba ya rasu a 2011. Ba mu taɓa ce masa mun gaya maka ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba, sai wani dare a jinyarsa ta ƙarshe, muna yi masa fifita, ya ce: "Tambayoyin nan nawa, kun samo su?" Muka ce mun samo biyu. Ta Kano gaskiya ce, an yi ba daidai ba. Ta farko kuwa, shan-inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka ana iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka shafe agana, shi ya sa ƙungiyoyin duniya suka zuba kuɗinsu a kanta, kuɗin kuma ɗaure yake da igiya, ba a sayen maganin zazzaɓi da shi. Ya yi shiru, ya ce da an faɗa masa haka da ya gane, ko da bai ji daɗi ba. Sa'an nan ya ce: "Ta ukun fa?" Muka ce muna kan nema. Ya ce: "To ku nema, ita ce babbar."

Har yau ita ce babbar. Mun sake jin ta a 2021 lokacin allurar korona, mun ji ta a farkon 2023 da aka sauya takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, mai tumatir a kasuwar Jalingo yana tambayar wa zai kama idan kuɗin ya maƙale a hanya. Ana iya jin ta a kan tsaunin Mambila, inda aka shafe fiye da shekara 40 ana maganar tashar lantarki. Kowace sabuwar fasaha ta iso ƙofar gida, da wannan tambaya ake tarbarta, kuma ƙasarmu na bukatar mutanen da za su ɗauke ta a matsayin aikin rayuwa.

Yarinyar nan yanzu ta zama cikakkiyar mace. Tana ɗinki da keken hannu, tana zirga-zirga da keken guragu da wani mai walda ya ƙera mata, ya kuma sauya masa tsawon mariƙi har sau biyu bisa umarninta. A hutun da ya wuce ta ga wata mujalla a jakarmu da sunanmu a ciki, ta juya shafukan, ta ce: "Baffa, an ce labarina ne ya sa kuka shiga wannan karatu. To a nan ina nake?" Muka nuna mata wani sakin layi. Ta dube shi, ta ce Turancin ya yi mata tsauri, ta mayar mana, ta ci gaba da ɗinkinta. Shekara ashirin muna rubutu a kan cewa masana ba su magana da mutane da harshen da za su ji, ga shi mun yi abin da muke zargi. Wannan ne ya sa muka nemi gurbi a wannan mujalla, muka rubuta da Hausa, da izininta. Idan an buga, kwafi ɗaya na Barade ne, za mu ajiye shi a kan teburin ɗinki, ta karanta ta gaya mana inda muka kuskure. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa mu dace da amsar ta uku.